Tsohon rok ko sabo? Gardamar da ta hana mu shan shayi cikin kwanciyar hankali

Daren Asabar ɗin da ta wuce kuran ya ɗauke wajen ƙarfe tara, muna zaune ƙofar gidan Kawu nan Maradi unguwar Zariya inda muke kafa fadarmu, shayin farko ko sauka bai yi ba sai ƙanena ya ciro salula ya haɗa da ɗan bafil ɗinshi ya saki Linkin Park. Kawu yana kishingiɗe bisa tabarma, tsohon malamin lakwal ne da ya yi karatunshi Yamai cikin shekarun 1970, ya ɗaga kai ya ce kai yaro wannan wace irin hayaniya ce kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa. Yaron ya ce rok ne Kawu. Kawu ya ce a'a, rok ya mutu tun uwarka ba ta yi aure ba, wanga dai gawarshi ce ake ja. Daga nan fa shikenan, har shayi na uku ba a daidaita ba, ni kuma da nake tsakiya, na girmi yaron Kawu ya girme ni, na ga kowanensu yana da gaskiya ta wani gefe kuma kowanensu yana kauce ma wani abu, shi ya sa na ce bari in zauna in warware zaren a rubuce.

Abu na farko da ke rikita gardamar shi ne kalmar rok ɗin kanta, don buhu ce da aka cusa ma kaya iri-iri. Asalinta dai kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne da ake ce ma bulus, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yanki namu na yammacin Afirka, shi ne ya haɗu da kiɗan ƙauyen turawan can cikin shekarun 1950 aka samu su Chuck Berry da Little Richard da Elvis Presley. Samarin Ingila suka ji faifan suka rikice suka kama kwaikwayo. Rolling Stones da aka kafa a Landan 1962 sunansu ma daga waƙar mawaƙin bulus Muddy Waters suka ɗauko shi, Led Zeppelin kuwa sai da aka kai su kotu kafin su sa sunan Willie Dixon, shi ma mai bulus, bisa waƙar da suka ɗebo baitocinta daga wajenshi. Kayan aikin ba yawa: gitar mai aiki da kuran, bas mai kaurin murya, mai ganguna wanda mu nan muke ce ma bateri, sai mai waƙa. Mutum huɗu ko biyar sun isa. Wannan ƙarar mai kama da yagewar ƙyalle da Kawu ke kira hayaniya kuwa ba kuskure ba ne, ampili ne ake ɗura ma ƙarfi fiye da abin da zai iya ɗauka sai sautin ya dare, da farko ma matsala ce masu gyara ke neman magancewa, daga baya makaɗa suka gane daɗinta suka mai da ita gishirin miyar. Abin dariyar shi ne Jimi Hendrix, Ba'amurke mai gitar da Kawu ke yabo kamar waliyyi shi ne sarkin wannan yagewar, a zamaninshi ma tsofaffi hayaniya suka ce yana yi.

To me Kawu ke nufi in ya ce na da ya fi? Da na matsa mishi da tambaya sai na gane ba waƙoƙi ɗai-ɗai yake nufi ba, albam yake nufi, kuma a nan kam ina bayanshi ɗari bisa ɗari. Faifan garmaho babba da kamfanin Columbia ya fito da shi 1948 yana ɗaukar minti ashirin da ƴan kai ne kowane gefe, wato duka-duka minti arba'in da wani abu. Wannan ƙuncin shi ya tilasta ma mawaƙa tunani. Ba ka da wurin zuba tarkace, dole ka zaɓi wadda za ta buɗe gefen farko, wadda za ta rufe shi ta yadda mutum zai tashi ya juya faifan da kanshi, da wadda za a kwana da ita a kunne. Kamar mai ɗinkin babbar riga ne da aka ba yadi ƙididdigagge, kowane yanka sai ya auna. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd da ya fito 1973 shi ne misalin da ba ya tsufa, minti 43 ne, ya fara da bugun zuciya ya ƙare da bugun zuciya, waƙoƙin sun shiga cikin juna babu inda za ka yanke, akwai wadda ta fara da ƙarar agogai akwai wadda ta fara da ƙarar kuɗi cikin akwatin mai butik, kuma duka maganar lokaci ce da kuɗi da hauka da mutuwa. In ka ciro guda ɗaya ka saurara ita kaɗai kamar ka shiga tsakiyar tatsuniya ne ka fita.

Kuma mu nan ba faifai ne ya yi yawo ba, kaset ne. Kawu ya ce kaset mai minti 90 suke saye, kowane gefe minti 45, albam guda cif a gefe ɗaya, wani a ɗaya gefen, wani ɗan ajinsu ya kwafo daga wajen wani malami bature, shi ma a kwafa daga wajenshi har sautin ya koma kamar ana kiɗa cikin rijiya. Ba ka tsallake waƙa don pil na da tsada, in za ka mayar baya sai ka zura bik cikin ramin kaset ka yi ta juyawa da hannu. Saboda haka ko ba ka so sai ka ji albam daga farko har ƙarshe sau ɗari, waƙar da ka ƙi ranar farko ita ce za ka wayi gari kana rerawa wata na uku. Wannan ba ƙwarewar mawaƙa ba ce kaɗai, talaucin mai saurare ma ya taimaka, kuma ni ina ganin rabin soyayyar da tsofaffi ke ma albam ɗin da daga nan ta fito.

Ra'ayina kan na da ɗin, tunda ra'ayi ake faɗa: Beatles ina girmama su amma ba su ne nake nema in raina ya ɓaci ba. Kowa albam ɗinsu Sgt. Pepper na 1967 yake ambata, kuma lalle abin mamaki ne a ce da na'ura mai layi huɗu kacal suka haɗa shi, suna cika layukan su juye su cikin guda su sake cikawa, amma ni Abbey Road na 1969 ya fi zauna mini, gefenshi na biyu da suka ɗinke gutsattsarin waƙoƙi suka zama abu guda, a lokacin ma suna gab da watsewa don 1970 kowa ya kama gabanshi. Albam na huɗu na Led Zeppelin, 1971, wanda ko sunansu ba su rubuta a bango ba, don gangunan John Bonham nake jin shi, mutumin yana duka kamar mai sussukar gero, kuma da ya rasu 1980 sauran suka ce ba za su ci gaba ba tare da wani, suka rufe shago. Queen kuwa ban taɓa shiga ba sosai, ko da yake ina son tsokanar mutane da cewa mai waƙarsu Freddie Mercury a Zanzibar aka haife shi 1946. Wanda babu gardama a kanshi a duk faɗin Sahel shi ne Dire Straits. Ka je Agadas ka je Tawa ka tambayi duk wani dattijo da ya taɓa riƙe gitar, zai ce maka Mark Knopfler, mai gitar ɗinsu. Dalilin a fili yake, mutumin da yatsu yake kaɗawa ba da ɗan robar nan ba, sautinshi tas babu yagewa, kowace tsirkiya tana magana ita kaɗai kamar molo, kunnenmu bai sha wuyar karɓarshi ba. Brothers in Arms na 1985 ya yi yawo cikin manyan motoci fiye da wasu direbobin.

Inda Kawu ke ha'inci kuwa, cikin ladabi nake faɗa, shi ne yana gwada tsabar da aka riga aka sheƙe da hatsin da ke kan zangarniya. Shekarun 1970 an fitar da albam dubbai, galibinsu ƙaiƙayi ne, iska ta kwashe su ba wanda ke tuna sunansu, abin da ya iso mu shi ne ƴan ƙalilan da suka tsira daga rariyar shekara hamsin. Na bana kuwa da tsaba da ƙaiƙayi da tsakuwa duk suna gabanmu lokaci guda, dole ka ga kamar shara ta fi yawa. Sannan akwai maganar shekaru, kiɗan da ya same ka kana ɗan sha bakwai, ranar da ka fara sa wando mai faɗin ƙafa kana jiran wata a bakin lise, ba wani kiɗa da zai sake yi maka wannan aikin ko da mala'iku ne suka kaɗa. Kawu in ya ji Santana ba Santana yake ji ba, ƙuruciyarshi yake ji.

Shi ma ƙanen nawa sai da na kwance mishi zani a kasuwa. Abin da yake kira sabo, Hybrid Theory na Linkin Park, 2000 ya fito, ya girme shi da shekaru, mai waƙar ma Chester Bennington ya rasu tun 2017, sai 2024 suka dawo da mace a madadinshi, Emily Armstrong. Nevermind na Nirvana da ya kawar da masu dogon gashi da ƙyale-ƙyalen 1980 ya dawo da kiɗan ga mutum uku da fushi, shi kuma 1991 ne. Wato abin da samari ke ɗauka sabon rok yau ya kai shekarun da Beatles suka kai lokacin da ni nake yaro. Su kuma tsofaffin ba su tafi ba, Rolling Stones sun fitar da sabon albam 2023 mai waƙarsu Mick Jagger yana da shekara 80. To ina tsohon ina sabon? A can ƙasashen turawan gaskiya rok ya sauka daga kujerar sarauta, rap da kiɗan kwamfuta suka hau, yanzu ya koma kamar dambe ko kokowa a wajensu, yana da masoyanshi masu tsanani amma ba shi ne ke tashe a kowace kwana ba.

Akwai kuma wani abu na fasaha da ya sa kunnen Kawu bai yi ƙarya ba da ya ce na yanzu yana gajiyar da shi. Tun da CD ya shigo 1982 aka samu wuri har minti saba'in da wani abu, sai mawaƙa suka fara cika albam da waƙoƙin da a da za a zubar. Sannan kamfanoni suka shiga gasar wa ya fi ƙara, ana matse sautin ta yadda wurin da ya kamata ya yi sanyi da wurin da ya kamata ya yi tsawa duk su zama tsayi ɗaya, don waƙarka ta fi ta maƙwabci ƙarfi a rediyo. Death Magnetic na Metallica a 2008 har masoyansu sai da suka yi ƙorafi a kan haka. Kiɗan da babu sanyi cikinshi kamar mutum ne mai magana da ihu tun safe, minti goma ka gaji. Ga kwamfuta da ke daidaita kowane bugun ganga ya faɗa daidai kan layi, alhali daɗin Bonham ɗan jinkirin nan ne da yake yi kamar raƙumi mai nauyin kaya. Ga Spotify, wurin sauraren waƙa ta intanet, da sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 take shiga lissafi, saboda haka ba mai yarda ya ɓata minti biyu yana share fage kamar Pink Floyd, dole amshi ya zo da wuri kafin yatsa ya tura gaba. Mu nan ma ba Spotify ɗin muke ba, kart memuwar ne ake kai ma mai turi a kasuwa ya zuba waƙa ɗari biyar da jika guda ko ƙasa, babu sunan albam babu jeri, wata ma sunan mawaƙin ba daidai ba.

Amma duk wannan bai kai abin da ya fi ci mini rai ba, wato su biyun suna ta leƙen Landan da Amurka alhali rok mafi rai da ake yi a duniya yau daga ƙasarmu yake fitowa, kuma ko ɗayansu bai ambace shi ba. Don mu nan ba mu kiranshi rok, kiɗan Buzaye muke ce mishi ko kiɗan gitar, abin da ake yi a biki in an ɗaura aure a Agadas. Tushenshi samarin Abzinawa ne da fari na 1973 da na 1984 da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya, ana ce musu ishumar, daga kalmar faransanci ta marar aiki wadda mu ma muke cewa shomer. Can Tinariwen suka haɗu wajen 1979 a Tamanraset, ƴan Mali ne, har suka ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, 2012 da albam ɗinsu Tassili. Namu na Nijar marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya share hanya, lokacin tawayen 1990 kaset ɗinshi a ɓoye ake yawo da shi. Bombino, Omara Moctar, yana yaro ɗan gudun hijira ya riƙa kallon bidiyon Hendrix da Knopfler yana kwaikwayo, ka ga su ɗin da Kawu ke ƙauna su ne malamanshi, daga baya Dan Auerbach na Black Keys ya haɗa mishi Nomad 2013, kuma Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar Grammy.

Mdou Moctar kuwa labarinshi ya fi kusa da mu ƴan Maradi fiye da yadda muke zato. Ɗan yankin Abalak ne cikin jihar Tawa, gidansu gidan malamai ba a son kiɗa, gitar ɗinshi ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta, bahago ne kamar Hendrix. Albam ɗinshi na farko Anar a Sakkwato ya yi shi 2008, cikin sutudiyon masu waƙoƙin Hausa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin fim, kuma ba kamfani ne ya yaɗa shi ba, bulutut ne da kart memuwar daga salula zuwa salula, har wani Ba'amurke Christopher Kirkley mai kamfanin faifai Sahel Sounds ya tsinci waƙar a wayoyin mutane ya shiga nemanshi. Wato hanyar da na gama zagi yanzun nan ita ce ta fito da shi, wannan kam na yarda ta ɗaure ni. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 albam ne na gaske irin wanda Kawu ke nufi, gajeru, jerarru, da magana guda a ciki, maganar Faransa da yuraniyom ɗin Arlit da yadda ake kwasar arziki ana barinmu cikin duhu. Ga Etran de L'Aïr ƴan gida ɗaya masu kiɗan biki a Agadas, ga Les Filles de Illighadad da Fatou Seidi Ghali ke ja, mata da gitar daga ƙauye. Kuma dalilin da ya sa wannan aure ya yi kyau ba boyayye ba ne, bulus da yawancin kiɗanmu na Sahel duk bisa muryoyi biyar suke tafiya, shi ya sa Ali Farka Touré na Mali da Ba'amurke Ry Cooder suka zauna suka yi Talking Timbuktu 1994 kamar ƴan uwan da suka daɗe ba su haɗu ba.

Tambayar da ni ban gama da ita ba ita ce, me ya sa mu Hausawa ba mu yi namu ba? Muna da gurmi da garaya da molo da kuntigi, Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ya riƙe duniya, wanda duk ya ji garayar ƴan bori ta yi zafi ya san babu abin da Hendrix zai nuna mana na hawan kai. Ni abin da nake gani shi ne kunnen Bahaushe magana yake bi. In Shata na waƙa kalangu hanya yake share mishi, abin da ake jira shi ne me zai ce, wa zai yaba wa zai yi ma zambo, shi ya sa in gitar ta yi minti uku tana kuka babu baiti sai mutumin Maradi ya ce to wai yaushe za a fara waƙar. Sai kuma lissafin kuɗi, gurup na mutum biyar yana son gitar biyu da bas da bateri da ampili da janareto da wurin gwaji da maƙwabta masu haƙuri, shi kuwa mai sutudiyo a Kano ko nan gida da piyano ɗaya da kwamfuta zai haɗa maka kiɗa kafin la'asar. Ga kuma yadda ake kallon makaɗi a garin nan, garin malamai da ƴan kasuwa, yaro ya ce ma babanshi zai zama mai gitar ai sai a fara nema mishi rubutu. Tal National na Yamai su ne suka fi matsowa, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, Kaani na 2013 in ka ji yadda gitar ke gudu cikinshi sai ka riƙe hula, amma su ma a birni suke da masu rawa, ba a karkarar Gobir da Katsina ba.

Da gardama ta ƙi ƙarewa na karɓi bafil ɗin na sa musu waƙar da albam ɗin Afrique Victime ya ci sunanta, ta haura minti bakwai, tana farawa a hankali tana ƙara wuta har ƙarshenta ya zama kamar guguwar bazara. Ƙanena tun minti na biyu ya fara taɓa salula yana neman turawa gaba na buge hannunshi. Kawu bai ce komi ba har ta ƙare, sannan ya tashi zaune ya ce wannan wane bature ne, na ce Kawu ɗan Abalak ne. Ya yi shiru, ya kurɓi shayinshi da ya riga ya huce, ya ce mai gangar yana gaggawa da yawa, Bonham ba zai yi haka ba. Can kuma da muka tashi naɗe tabarma ya miƙo mini salularshi ya ce in zuba mishi albam ɗin duka, amma a jere yadda suka tsara shi, kar in haɗa mishi da na yaron nan.